Sharhi: Halin Magaji Da Makomar Kasuwancin Iyali, Daga Gidan Dantata Zuwa Shagunan Kurudu

A cikin ƙasa da makonni shida na tsakiyar shekarar 2025, abubuwa uku sun faru a zuriya ɗaya ta attajiran Kano, waɗanda suka sake tayar da wata tsohuwar tambaya: idan mai dukiya ya kau, ko ƙarfinsa ya ja baya, wa zai riƙe ragamar abin da ya gina?

A ranar 16 ga Yuni, Alhaji Aliko Dangote ya sauka daga shugabancin hukumar daraktocin kamfanin sukarinsa bayan shekara 20, aka naɗa Arnold Ekpe, tsohon shugaban bankin Ecobank, a madadinsa. Ranar 28 ga watan, Allah ya yi wa Alhaji Aminu Alhassan Dantata rasuwa a Abu Dhabi yana da shekara 94, aka kuma binne shi a Madina. Shi ne ya karɓi jagorancin kamfanin mahaifinsa tun 1960. Sai kuma ranar 25 ga Yuli, Dangote ya bar kujerar shugabancin kamfanin siminti, Emmanuel Ikazoboh ya gaje shi, yayin da 'yarsa Mariya ta shiga hukumar daraktocin kamfanin.

Tambayar ta shafi ƙananan 'yan kasuwa fiye da yadda ta shafi manya. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya, ta ratsa Karu da Jikwoyi, ta shiga Kurudu kafin ta wuce Orozo da Karshi, zai ga shagunan kayan gini, wuraren buga bulo, gidajen burodi, masana'antun ruwan leda, makarantu masu zaman kansu da kantunan kayan masarufi jere a bakin titi. Unguwannin nan sun cika ne bayan da gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, sannan suka ƙara bunƙasa lokacin da rushe-rushen da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007 ya tura dubban mutane zuwa gefen gari. Wanda ya buɗe shago yana ɗan shekara 30 a wancan lokaci, yau ya kai sittin ko ya doshe ta. Ke nan a Kurudu da makwabtanta, ƙarni na farko na masu kasuwanci yana gab da miƙa amana, kuma mafi yawan irin waɗannan sana'o'i ba su taɓa ganin sauyin hannu ko sau ɗaya ba.

Binciken da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, SMEDAN, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ya nuna cewa a ƙarshen 2020 akwai irin waɗannan sana'o'i kimanin miliyan 39.6 a Najeriya, suna samar da kusan kashi 46 cikin 100 na arzikin ƙasa. Galibinsu mallakar mutum ɗaya ne ko gida ɗaya. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya bi mai shi zuwa kabari, yaran shago sun rasa abin yi, masu bin bashi sun shiga uku, gwamnati kuma ta rasa mai biyan haraji.

Abin da lissafin gado ke nunawa

Domin a gane dalilin da ya sa hali yake da nauyi a wannan lamari, ya kamata a fara da lissafi. A ɗauka wani ɗan kasuwa Musulmi ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu da mata huɗu. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, matan biyu za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Ragowar za a kasa shi gida 12, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ta ɗauki ɗaya. Rabon kowane ɗa namiji bai kai kashi 15 cikin 100 na dukiyar ba, na kowace 'ya kuwa ya ɗan haura kashi 7.

Wannan rabo adalci ne da Alƙur'ani ya shimfiɗa a cikin Suratun Nisa'i, kuma manufarsa ita ce kowane mai haƙƙi ya sami haƙƙinsa. Amma yana da sakamako ga kasuwanci. Uban yana juya shagon ne da ikon mallaka, domin duka nasa ne. Magajinsa kuwa ba shi da wannan iko. Mutum tara suna da haƙƙi a cikin abin da yake juyawa, kuma kowannensu yana iya zuwa gaban alƙali ya ce a fitar masa da rabonsa. Abin da kawai zai hana a sayar da injin buga bulo a raba kuɗin shi ne yardar 'yan'uwa, ita kuwa yarda halin mutum ne ke jawo ta. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. A gidan 'yan kasuwa, shi ne jarin da ba a kasa shi a faifan gado.

Masanin nan ɗan ƙasar Faransa, Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa nazarinsa kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya lura cewa ƙarfin attajiri a can yana tafiya ne tare da abin da mutanen garin ke kira arzikin mutane, wato yawan barori, dillalai da abokan hulɗar da ke dogara da shi. Ana iya raba gidaje da motoci, amma ba a raba wannan arziki da mudu. Mutanen maigida suna bin wanda suka amince da shi ne, in ba su same shi a cikin 'ya'yan ba, sai kowa ya kama gabansa.

Darasin gidan Dantata

Tarihin gidan Alhassan Dantata ya nuna yadda hakan ke aiki. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Ya yi suna da safarar goro ta jirgin ruwa tsakanin Accra da Legas, sannan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu saya wa kamfanonin Turawa gyaɗa. A 1929, lokacin da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, an kai masa ajiyar Alhassan ta kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Da ya rasu a ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Masu tarihin gidan sun ruwaito cewa kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa tare da mai kula da kuɗinsa, ya hore su da zaman lafiya da juna, da kula da marasa ƙarfi a dangi, da kuma kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya durƙushe. An raba dukiyarsa bisa shari'a, kamfanin kuma ya ci gaba a hannun ɗansa Ahmadu.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Ahmadu ya rasu a 1960, shekara biyar kacal bayan mahaifinsa. A lokacin akwai yayye a raye, irin su Sanusi da Mamuda, amma Aminu ne, ɗan shekara 29, ya zama shugaban kamfanin. Ba daga sama ya faɗo ba. Ya shiga kamfanin a 1948 a matsayin mai sayen amfanin gona, ya riƙe reshen Sakkwato, sannan ya zama mataimakin Ahmadu a 1958. Shekara 12 ya yi yana hawa mataki-mataki a ƙarƙashin wasu, abin da ke buƙatar haƙuri da iya zama da na gaba.

Su kuwa yayyen nasa, kowa ya riga ya shata tasa hanyar. Sanusi ya gina tasa harkar gyaɗa da sufuri har ya zama cikin manyan dillalan gyaɗa na Arewa a shekarun 1960. Mamuda ya kafa kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma, wanda gajarcen sunansa, Wapa, ya zama sunan kasuwar canjin kuɗi ta Fagge har yau. Da an tilasta wa mutum uku masu irin wannan ƙarfin zuciya zama a kan kujera ɗaya, da wuya a kwashe lafiya. Gidan ya bar mai son cin gashin kansa ya fita da jarinsa da albarkar iyaye, ya kuma damƙa uwar kamfani ga wanda ya girma a cikinta.

Amfanin wannan ya fito a ƙarni na gaba. Daga tsatson Sanusi aka sami Abdulƙadir, wanda ke cikin waɗanda suka kafa kamfanin gine-gine na Dantata and Sawoe, aka kuma sami jikansa Aliko Dangote, ɗan Hajiya Mariya Sanusi Dantata, wanda ya fara nasa kasuwancin a 1977 da rancen da ya samu daga dangin mahaifiyarsa. Reshen da aka bari ya fita ya zo ya fi uwar bishiyar girma, ba tare da ya tsaga ta ba.

Kusan haka ya faru a gidan Khalifa Isyaku Rabi'u, wanda ya rasu a watan Mayun 2018. Ɗansa Abdussamad ya dawo daga karatu a Amurka yana ɗan shekara 24, ya riƙe harkokin gidan a lokacin da gwamnatin soja ta 1984 ta tsare mahaifinsa. Shekaru huɗu bayan haka, a 1988, ya kafa nasa kamfanin BUA, wanda yau yake gogayya da Dangote a siminti da sukari.

Halin mai bayarwa

Yawanci idan ana maganar gado, ido yana kan magaji. Amma rabin matsalar tana wurin uba. Siffofin da ke sa mutum ya tashi daga tebur ɗaya ya kai ga shaguna biyar, wato taurin kai, rashin yarda da kowa a kan kuɗi, da son ganin komai da idonsa, su ne dai ke hana shi sakin ragama idan lokaci ya yi. Akwai 'yan kasuwar da ɗansu ya kai shekara 40 yana zaune a shago bai san nawa ake bin su ba, bai san nawa suke bi ba, bai kuma taɓa zama da dilan da ke ba su kaya bashi ba. Littafin kasuwancin duka yana cikin kan maigida. Ranar da ya faɗi, littafin ya rufe.

Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. Henry Ford na Amurka ya naɗa ɗansa Edsel shugaban kamfanin motocinsa a 1919, amma ya ci gaba da warware duk hukuncin da ɗan ya yanke har Edsel ya rasu a 1943 yana da shekara 49. Kamfanin ya shiga mawuyacin hali, sai da jikansa Henry na biyu ya karɓa a 1945 aka fara farfaɗowa. A Indiya, Dhirubhai Ambani ya rasu a 2002 ba tare da ya bar wasiyya ba. 'Ya'yansa biyu, Mukesh mai kawaici da Anil mai son fitowa fili, suka kasa zama inuwa ɗaya har mahaifiyarsu ta raba musu kamfanin Reliance a 2005. A 2019 kamfanin sadarwar Anil ya durƙushe saboda bashi. Mukesh ya ɗauki darasi, ya shigar da 'ya'yansa uku hukumar daraktocin kamfanin a 2023 tun yana da ƙarfinsa.

Ta wannan fuska za a fahimci matakin da Dangote ya ɗauka a 2025. Ya bayyana cewa yana son mayar da hankali ga matatar mai ta Lekki, mai tace ganga 650,000 a kullum, da harkar takin zamani. Amma yadda aka tsara sauyin yana da ma'ana: kujerun shugabanci sun tafi hannun gogaggun mutane daga wajen gida, yayin da 'ya'yansa mata uku, Mariya, Halima da Fatima, ke riƙe da manyan muƙamai a cikin rukunin kamfanonin, suna aiki tare da waɗanda suka girme su a fagen. Rasuwar ƙaninsa kuma mataimakinsa, Alhaji Sani Dangote, a watan Nuwamban 2021 ta riga ta nuna cewa ajali ba ya bin tsarin da aka shata a takarda.

Halin mai karɓa

Wane hali ake nema a wurin magaji? Abu na farko shi ne amana a kan kuɗin da ba nasa kaɗai ba ne. Magajin da ya fara sauya mota da ƙara aure kafin a yi shekara da rasuwa ya riga ya gaya wa 'yan'uwansa abin da za su yi. Na biyu shi ne haƙurin sauraren wanda ya ƙi ra'ayinsa, musamman 'yan uba. A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, kowane hukuncin shago ana karanta shi da idon kishi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku shi ne girmama tsofaffin yaran maigida, waɗanda sau da yawa sun fi 'ya'yan cikinsa sanin kasuwa. Na huɗu kuwa shi ne ƙarfin zuciyar sauya hanya idan zamani ya sauya.

Wannan na ƙarshe shi ne iyaye suka fi kuskure a kai. Uba yakan ɗauki biyayya a matsayin cancanta, sai ya zaɓi ɗan da bai taɓa yi masa musu ba. Amma ɗan da bai iya cewa a'a ga mahaifinsa ba, da wuya ya iya cewa a'a ga dangin da suka zo neman kaya bashi, ko ga abokin da ya kawo masa harkar da za ta cinye jari. Haka kuma ɗan fari ba lallai ne ya zama shi ne ɗan kasuwa ba, kamar yadda 'ya mace ba ta rasa basirar ciniki don ta kasance mace. Al'ummar da ta san tarihin Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, da kuma yadda mata ke juya jari daga cikin gida a Kano da Katsina da Zariya, ba ta da hujjar rufe wannan ƙofa.

Iyakar abin da hali zai iya

Duk da haka, kuskure ne a ɗora komai a kan hali. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace ne a shekarun 1970 sakamakon fari da cutar da ta kama gyaɗa da kuma karkatar ƙasa ga man fetur, kuma gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Masana'antu da dama a Bompai, Sharaɗa da Challawa sun rufe saboda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu arha. Magaji mafi nagarta ba zai iya tsayar da faɗuwar darajar Naira ba. Akwai gidajen da suka karye ba don 'ya'yansu sun lalace ba, sai don kasuwar da uban ya gina a kanta ta mutu.

Ko a nan ma, hali yana da rawar da yake takawa. Aminu Dantata bai tsaya jiran gyaɗa ta dawo ba, ya shiga gine-gine, cinikin motoci da harkar mai. Dangote ya bar dogaro ga shigo da kaya ya koma sarrafa su a gida daga ƙarshen shekarun 1990. Guguwa ɗaya ce ta bugi kowa, bambancin yana wurin wanda ya hango ta ya kuma yarda ya saki abin da ya saba.

Alƙaluman da aka fi ambata a duniya kan wannan batu sun fito ne daga nazarin John Ward na 1987 kan masana'antu 200 a jihar Illinois ta Amurka, inda ya gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 ne suka tsira a hannun ƙarni na biyu, kashi 13 kuma a na uku. Sai dai tarihin Kano yana nuna cewa auna nasara da rayuwar sunan kamfani kaɗai yana ɓoye wani abu. Idan shago ɗaya ya haifi shaguna huɗu a hannun 'ya'ya huɗu da ke gaisawa da juna, gidan bai yi asara ba.

Abin da doka ta tanada

Tunda ba a iya sauya halin mutum da takarda, aikin doka shi ne rage ɓarnar da mugun hali zai iya yi. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan shekarar, ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Bambancin yana da girma. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, a idon doka shi da shagon abu ɗaya ne. Idan ya rasu, banki yakan rufe asusun har sai magada sun kawo takardar izini daga kotu, kuma kafin a same ta kaya sun ƙare, masu ciniki sun koma maƙwabta. Kamfani mai rajista kuwa yana rayuwa bayan mai shi. Abin da magada ke gada shi ne hannun jari, wanda ake iya rabawa daidai da ƙa'idar shari'a ba tare da an sayar da ko buhun siminti ɗaya ba.

Wannan tsari yana raba abubuwa biyu da aka saba cakuɗawa: mallaka da shugabanci. Mallaka haƙƙi ce da Allah ya yanka wa kowane magaji. Shugabanci kuwa aiki ne, ana ba wanda ya iya, a yanka masa albashi, ya riƙa kawo lissafi a gaban sauran a ƙarshen shekara, a kuma iya sauke shi in ya gaza. Idan babu mai iyawa a cikin 'ya'ya, babu abin kunya a ɗauko manaja daga waje, ko a ɗaga amintaccen yaron shago. Wanda kuma ya fi son fita, a rubuta tun da wuri yadda za a kimanta rabonsa da tsawon lokacin da za a biya shi, domin fitarsa kada ta karya jarin sauran.

Akwai aiki a gaban hukumomi da shugabannin al'umma. SMEDAN da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Abuja da Kano suna horar da mutane yadda ake fara sana'a, ya kamata su ba yadda ake miƙa ta irin wannan muhimmanci, cikin Hausa da sauran harsunan da 'yan kasuwa ke ji. Malaman da ke raba gado suna buƙatar zama da lauyoyi da akantoci domin a fahimci yadda ake kasa hannun jari. Limamai kuma suna da damar tunatar da jama'a cewa rubuta bashi da barin wasiyya umarni ne na addini, kuma yin maganar mutuwa ba ya kawo ta.

Ga mai shago a Kurudu, ko a Kantin Kwari, ko a babbar kasuwar Maraɗi, gwajin yana da sauƙi. Ya ba wanda yake tunanin zai gaje shi makulli da littafin bashi, ya yi tafiyar wata guda, ya hana kansa bugo waya kowace safiya. Abin da zai tarar idan ya dawo, a cikin aljihun tebur da kuma a fuskokin sauran 'ya'yansa da yaransa, shi ne zai faru ranar da ba zai dawo ba. Gara ya gani da idonsa tun yana da damar gyarawa.